Kekuna Goma Sha Biyu

Har yau in na ji wani ƙato a rediyo yana cewa an saki naira ne don ta nemo darajarta da kanta, sai in ji kamar in maka rediyon da ƙasa. Shi bai taɓa buɗe shago da safe ba, balle ya san zafin abin.

Kekunan ɗinki nake sayarwa a Gyadi-Gyadi, irin waɗanda ake shigowa da su daga waje. Ina da wani abokin ciniki, dattijo daga Maraɗi, mun fi shekara goma tare. Wata Laraba ya zo ya taya duk kekunan shagon, goma sha biyu, don wata makarantar koyon ɗinki a can. Muka ja, muka ja, na ce na sallama. Ya ba da kafin alƙalami, ya ce zai dawo da mota bayan sati biyu. A wurinmu in ka ce ka sallama, kaya ya bar hannunka ko da yana cikin ɗakinka. Haka na taso na ga mahaifina yana yi.

Kafin ya dawo manyanmu da nasu suka ɓata, aka rufe boda. Kekuna suna zaune a kwalayensu, naira tana ta gangarawa. Kullum dilan da nake sari a wurinsa sai ya ce dala ta tashi, farashin jiya ba shi ne na yau ba. Telolin Tarauni suna zuwa da kuɗi a hannu, ina ce musu an sayar. Matata ta ce, "Malam, ka mayar masa da kafin alƙalaminsa mana. Shagon nan ne cinmu da shanmu." Na daka mata tsawa.

Bayan watanni aka buɗe boda. Ya zo fuska a sake, sefarsa, kuɗin ƙasarsu, ta yi ƙiba. Ɗan kaɗan ya ɓalla ya kai wa 'yan canji, ya cika min kuɗina daidai yadda muka yi. Abin da ya ba ni ba zai saro keke biyar ba.

Ana loda kaya ya ja ni gefe. "Malam, na san halin da kuɗinku ya shiga. In akwai magana, ka faɗa."

Wannan shi ke ci min rai fiye da duk abin da manya suka yi. Mutumin nan ƙofa ya buɗe min. Amma maƙwabta na tsaye suna kallo, kunya ta kama ni, na ce, "Haba Alhaji, babu komai. Magana ɗaya ce." Ya riƙe hannuna ya yi ta sa min albarka. Wawa irina, har daɗi na ji.

'Yan kekunan da na iya sarowa ba su riƙe shago ba. Da haya ta ƙare na mayar da makulli, na koma gyara a gindin darbejiya kusa da kasuwar Tarauni, daga ni sai sukundireba da gwangwanin mai.

Kwanan baya dattijon nan ya kira ni a waya da fara'arsa. Makarantar ta bunƙasa, yana son wasu goma sha biyu. Na ce, "Alhaji, ni yanzu gyara nake yi. In wani ya lalace cikin waɗancan, ka aiko min."