Kawu Sifili da Umarni na Talatin da Bakwai

Ku da kuka san Kawu Ishaya kun san ba ya fara ƙirga daga ɗaya. Daga sifili yake farawa, ko doya ce, ko kujerun coci, ko mutanen gidansa. In baƙo ya tambaye shi su nawa ne a gida, sai ya ɗaga yatsa: "Saratu sifili, Bitrus ɗaya, Talatu biyu, Yohanna uku." Ran nan matarsa, Mama Saratu, ta gaji, ta leƙo daga kicin da muciya a hannu.

"Ishaya, bayan shekara talatin, ni ne sifili?"

"Daga kai ake farawa, Saratu. In babu sifili, ɗaya bai san inda zai tsaya ba."

"To yau sifili bai tuƙa tuwo ba. Ka je ɗaya ya ba ka!"

Daga ranar sunan ya bi shi, duk Kafanchan aka koma Kawu Sifili, shi kuwa ya karɓa kamar an naɗa shi sarauta.

Bari in yi bayanin aikinsa, domin na san rabinku kun shekara goma kuna cewa "Baba yana kan kwamfuta" ba ku san me yake tsinanawa ba. Ni Ladi, 'yar ƙanwarsa, kwamfuta nake koyarwa a sakandare, shi ya sa ni kaɗai ya ga damar wahalarwa. In mutum ya rubuta wa kwamfuta abin da yake so ta yi, ba kalmominsa take karantawa ba. Sai an niƙa su sun koma lambobi zalla, kowace lamba umarni ce: wannan ta ce ɗauko, wannan ta ce ajiye, wannan ta ce tsallaka can. Da Kawu ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, sai ya koya wa kansa wannan harka, ya ƙera ɗan kayan aikin da ke buɗe lambobin nan ya nuna wa mutum abin da ke ciki, ya kuma mayar da su yadda suke. Ya sa masa suna Matankaɗi, ya ɗora shi a intanet kyauta. Mutane a ƙasashen da bai taɓa takawa ba suka kama aiki da shi.

Matsalar ɗaya ce. Akwai wani kwamiti can ƙetare da ke rubuta ƙa'idar wace lamba ke nufin me, kuma mutanen nan ba su san zama wuri ɗaya ba. Yau su ƙara umarni, gobe su sauya wa wani lamba, jibi su ce wancan ma sun fasa. Duk sanda suka motsa dole Matankaɗi ya bi su, in ba haka ba ya karanta ɗauko a inda aka ce zubar. Kawu bai taɓa ganin fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba, amma surukansa yake kiransu. "Mutanen da ba ka iya gamsar da su, kuma ba ka iya rabuwa da su, menene sunansu in ba surukai ba?"

Ƙirgan nan nasa ya kusa raba shi da amininsa Malam Buba, Bafulatanin Godogodo da suka yi shekara arba'in suna tsokanar juna. Mun je masa barka da dawowa daga kiwo, Kawu ya tsaya bakin garke yana nuna shanu da sanda, ya ƙirga har ƙarshe, ya ce, "Talatin da tara. Allah Ya ƙara albarka."

Malam Buba ya ajiye ƙwaryar nono. "Aradu arba'in ne, Ishaya."

"Ni dai a talatin da tara na tsaya."

Bawan Allah nan ya shiga garke da kansa, ya kira kowace saniya da sunanta, ya fito yana gumi, ya ce arba'in cif. Kawu ya ce ai bai musa ba, waccan farar ta bakin ƙofa ita ce sifili. Malam Buba ya dube shi, ya dubi saniyar, ya ce, "Wannan da ta fi kowa nono ita ce ba komai? Ladi, ɗauke kawunki daga rugata kafin ya mayar da ni ma sifili!"

Sai maganar tsimi. Kai, Kawu da tsimi! Ƙa'idar nan shafi ɗaruruwa ce, kuma ya ce ba ya yarda da abin da bai riƙe a hannu ba, dole ya buga ta a takarda. Amma sayen sabuwar takarda, Allah Ya kiyaye. Duk wani firogiram na aure, na jana'iza, na bikin godiya da aka raba a coci, Kawu na bin benci-benci yana tattarawa bayan an tashi. A bayansu yake buga ƙa'idar da tsohuwar firintarsa mai tari. Tun da shafukan ba su da lamba mai kyau, sai ya koma kiran kowane sashe da bikin da ke bayansa. "Ladi, buɗe bayan jana'izar Baba Audu, layi na shida." Ni kuma in buɗe, in tarar da dokar tsallaka.

Wata ranar Talata, Mama Asabe maƙwabciyarmu ta shigo da daron citta tana hira da ni a tsakar gida. Kawu na ɗaki, sabuwar ƙa'ida ta iso, ashe kwamiti sun cire wani sashe ɗungurungum. Sai muka ji ihu:

"Ladi! An soke auren Rahila!"

Rahila kuwa 'yar Mama Asabe ce, wata uku da ɗaura aurenta. Daro ya kife, citta ta watse.

"Wayyo Yesu! Wa ya soke?"

"Surukai mana! Wa zai yi wannan aiki in ba su ba? Ba shawara, ba komai!"

Kafin in buɗe baki Mama Asabe ta ɗaura ɗankwali a ƙugu ta nufi tashar mota za ta Zangon Kataf gidan surukan 'yarta. Da gudu na cim mata a bakin titi. Na yi rabin awa ina rantse-rantse, amma har yau in mun haɗu a kasuwa sai ta tambaye ni a hankali, "Wannan kwamiti ɗin, ba su sake taɓa Rahila ba ko?"

Duk sanda ya gyara Matankaɗi ya fitar da sabuwar siga, yakan rubuta bayanin abin da ya sauya, kuma da Hausa yake rubutawa. Na ce masa, Kawu, masu amfani da abin nan ba sa jin Hausa. Ya ce shi ma da bai ji yarensu ba ai koya ya yi. Kuskuren da ke ɓuya cikin manhaja kuwa kuɗin cizo yake ce masa, wai don ba a ganinsa sai ya sha jini. Haka za ka ga ya rubuta: "An kashe kuɗin cizo guda biyu. Surukai sun sake ra'ayi kan umarnin haɗawa, mun bi su. Allah Ya shirye su." Wani bawan Allah daga ƙetare ya sa na'urar fassara, ita kuma ta gaya masa wai an kashe kuɗi har sau biyu kuma akwai cizo. Ya rubuto a tsorace yana tambaya ko yanzu Matankaɗi ya koma na sayarwa. Kawu ya yi dariya har da hawaye, ya sa ni na amsa masa: kyauta ne har gobe, cizon ma kyauta.

Akwai kuma wata ɗabi'a tasa da kowa ya ɗauka wasa ce. Matankaɗi yana da gwaje-gwaje sama da ɗari da ake bi a tabbatar gyara bai ɓata wani abu ba. Na farkonsu, gwajin sifili, wani ɗan guntun fayil ne da ke zubo layin lambobi a kan allo. Kullum da rana tsaka, ko an yi gyara ko ba a yi ba, Kawu zai kunna shi, ya gyara tabarau, ya bi lambobin da ido, domin shi yana karanta su kamar yadda ku ke karanta littafin waƙoƙi. Sai ya gyaɗa kai ya ce, "To, an kira ni." Ya rufe kwamfuta, ya tafi cin abinci. Bayan rasuwar Mama Saratu ma bai fasa ba ko rana ɗaya.

A kan gwajin nan muka yi faɗan da ya fi kowane. Kwamiti suka cire umarni na talatin da bakwai, wanda ke fitar da harafi, suka kawo sabo, lambar kuma suka ba wani aiki daban. Kowa a duniya ya bi. Kawu ya ce shi ma zai bi, amma tsohon ba ya zuwa ko'ina. Ya yi mako uku yana gina hanya biyu cikin Matankaɗi, a fara duba ko fayil na da ne ko na yanzu, duk don tsohon umarnin nan ya ci gaba da aiki. Masu amfani suka yi ta rubutowa, wai kaya ne marar amfani, yana sa aikin nauyi, babu sauran fayil a duniya mai buƙatarsa. Gaskiya ni ma bayansu na bi.

Wata Asabar da ya tafi gonar cittarsa, na zauna na cire shi tas. Duk gwaje-gwajen suka wuce lafiya, ban da na sifili. Da ya dawo na tare shi da fara'ata, ina jiran yabo.

"Kawu, na rage mana layi ɗari biyu. Gwajin sifili kaɗai ya faɗi, shi ma minti biyar ne, in sake rubuta shi da sabon umarni. Abu ɗaya zai fito."

Bai cire takalmin gona ba. Ya dube ni ya ce, "Ka sake rubuta shi da hannun wa?"

"Da nawa mana."

"Hannunka yana da kyau, Ladi. Amma mayar da abin yadda ka same shi."

Na mayar, ina ƙunƙuni. Kwana bakwai bai yi mini magana ba, a coci ma ya koma ɗaya ɓangaren. Rana ta takwas ya aiko mini da rake guda biyu da 'yar takarda, bayan firogiram ɗin wani suna, ya rubuta: "Ba a rushe ɗakin tsohuwa don an gina bene." Na sha raken, na ce a raina tsufa ne kawai da taurin kai.

Bara Kawu ya tafi gida wurin Ubangiji, kun sani, kuna wurin jana'izar. Ya bar mini Matankaɗi da kwali uku na bayan aure da jana'iza. Watan jiya surukai suka sake motsawa, masu amfani kuma suka taso da tsohuwar magana: yanzu da Baba ba ya nan, a cire talatin da bakwai a huta. Na zauna zan cire. Sai na ce bari dai in ga abin da zan rushe. Abin kunya, na ga lambobin gwajin sifili ya fi sau dubu, ina malamar kwamfuta, ban taɓa mayar da su haruffa ba. Na ba Matankaɗi, cikin ƙiftawar ido ya tankaɗe su. Ga abin da ya fito:

"Ishaya kashe wannan abu ka zo ka ci tuo kafin ya yi sanyi."

Na kira babban ɗansa Bitrus a waya. Ya ce ya tuna. Shekarar da aka yi wa Kawu aikin yanar ido, an naɗe masa fuska, ga shi ya ƙagu ya gwada sabon abin da ya ƙera. Sai ya zaunar da Mama Saratu gaban kwamfuta, ya koya mata lambar kowane harafi, ya ce ta rubuta duk abin da ta ga dama. Ta yini tana dannawa da yatsa ɗaya, talatin da bakwai, harafi, talatin da bakwai, harafi, ta ƙi gaya masa me ta rubuta. Sai da aka kwance masa ido ya karanta da kansa.

Ku duba fa, ta manta harafi ɗaya a tuwo. Mutumin da ya taɓa rubuta wa kwamiti wasiƙa shafi uku a kan waƙafi guda, ya shekara goma yana kallon kuskuren nan kullum bai taɓa shi ba. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba, na kuma yi dariya, don na ji muryarta sak, har da muciyar.

Na fitar da sabuwar siga ranar Juma'a. A bayanin na rubuta: "Surukai sun sake ra'ayi, mun bi su. An kashe kuɗin cizo ɗaya. Talatin da bakwai na nan, kuma muddin ina numfashi ba ya zuwa ko'ina."

Ya Ubangiji, Ka ba bawanka Ishaya hutawa a inda ƙa'ida ba ta sauyawa. Ka gafarta masa taurin kansa, mu ma Ka gafarta mana gaggawarmu. Shekara shida ana kiransa kullum da rana tsaka yana zuwa ya tarar da kujera babu kowa. Wannan karon da ya rufe ya tashi, Ka sa ya tarar da ita zaune, tuwon acca kuma bai yi sanyi ba. Amin.