Malam Dalili da Hannun da Ya Ƙi Jin Hujja

Kafin masu shaguna su ɗaga ƙofofinsu, Malam Dalili ya riga ya zagaya motarsa. Tsohuwar farar mota ce mai jan allon 'yan koyo gaba da baya. Zai duba mai, ya duba ruwa, ya ɗan harbi kowace taya da gefen takalmi, sannan ya shiga kujerar gefe ya gwada birkinsa, wato birki na biyu da ake sa wa motar koyon tuƙi saboda malami. Sama da shekara talatin yana wannan hidima a filin bayan gareji. Wannan watan ya ajiye aiki, gwiwa ta ce ta gaji.

Dalili ba sunan yanka ba ne, ɗalibai suka laƙaba masa. Ka taka birki, ya ce, "Dalili?" Ka canza giya, ya ce, "Dalili?" In ka ce haka ka ga ana yi, sai ya sa ka kashe mota ku zauna har ka samo amsa. A zamanin da mutum ke kwanciya bai san kuloci ba ya wayi gari da lasisi a aljihu, mu kuma mu kaɗa kai mu ce sai addu'a, shi bai taɓa sallamar ɗalibin da bai iya ba. Wannan kaɗai ya isa a tashi tsaye a gaishe shi. Amma abin da ya yi wa Dogo ya fi.

Dogo amininsa ne tun suna yaran mota, direban bas da fasinja ke jira ko da wata motar ta riga tasa cika. Wata ranar kasuwa wani mai keke ya fito daga lungu a mararrabar da ke gaban asibiti ya faɗa masa. Mutumin ya karye a ƙafa. Aka yi ɗori, ya warke, har ya zo da kansa yana dogara sanda ya ce, "Direba, laifina ne, ni ban duba ba." 'Yan sanda ma haka suka ce. Magana ta ƙare a wurin kowa, ban da Dogo. Da ya kama sitiyari sai hannu ya ɗauki rawa, gumi ya karyo masa. Ya daina zuwa tasha, ya daina fita ko ƙofar gida. Mai motar ya yi haƙuri iya haƙuri, daga baya ya aiko cewa in wata ya mutu Dogo bai dawo ba, zai ba wani makullin. Ga mata, ga 'ya'ya a makaranta, ga tsohuwa a ɗaki.

Masu ba da baki kuwa ba su yi ƙaranci ba. Wannan ya ce, "Haba, kamar ba namiji ba?" Wancan ya ce rashin tawakkali ne. Wani ya ce ai shi ya ga wanda ya fi wannan, ya kuwa kwana da wuri. Haka muke! Mutum na nutsewa, mu muna bakin gaɓa muna karanta masa yadda ake iyo, mu koma gida muna jin mun sauke nauyi.

Malam Dalili ma da nasa makamin ya zo. Matar Dogo ta ce ya tsuguna a tsakar gida ya zana mararrabar a ƙasa da tsinke, ya sa murfin kwalba a matsayin keke, ya sa akwatin ashana a matsayin bas. Ya nuna inda lungun ya ɓuya, ya nuna tazarar da mota mai nauyi ke ci kafin ta tsaya.

"To, Sarkin Gaggawa," ya ce, da sunan da yake tsokanar Dogo da shi, "nuna mini inda ka yi kuskure. Ko ni ne a kujerar nan, haka za ta faru."

"Na sani, Lauya," in ji Dogo, shi ma da sunan tsokanar da ya sa wa Malam.

"Ka sani? To dalilin zaman ɗaki fa?"

Dogo ya miƙo masa hannun dama, yana kakkarwa kamar ganye. "Kaina ya yarda tun ranar farko. Ga wanda bai yarda ba. Yi masa bayani in kana jin yarensa."

Malam ya dubi hannun, ya dubi zanensa. Zanen daidai yake, ba wanda zai iya kushe shi, kuma bai tsinana komai ba. Ya sa tafin takalmi ya shafe mararrabar, ya yi sallama. Uwargidan Malam ta ce ran nan ya shigo gida bai tambayi kowa dalilin komai ba, har ta taɓa goshinsa ko zazzaɓi ne.

Washegari ya tsaya da farar motar a ƙofar gidan Dogo ya danna hon.

"Fito ka raka ni."

"Ina?"

"Ban sani ba."

"Kai? Ka fita ba dalili? Lallai duniya ta zo ƙarshe." Dogo ya sa hula ya fito, don ya ga abin mamaki da idonsa.

Suka yi ta yawo, Malam na tuƙi, suna gulmar tsohon ubangidansu da ya mutu bai taɓa yarda ya ɓata hanya ba. Haka gobe, haka jibi. Bayan 'yan kwanaki Malam ya tsaya a inuwa gefen rumfar mai faci, ya ce gwiwa ta dame shi, su yi musayar kujera ya miƙe ƙafa. Inji a kashe, makulli a aljihunsa. Dogo ya zauna a bayan sitiyari, hannuwa a cinya. Can sai ya fara ba da labarin ƙarar da ya ji lokacin da keken ya shiga ƙarƙashin mota. Ya ba da shi, ya sake, ya kuma sakewa. Mai faci, wanda ke jin su, ya rantse ya ga leɓen Malam na motsi, gyara na son fitowa, yana haɗiye shi kamar maɗaci. Da Dogo ya ce, "Da na fito da wuri, da ban same shi ba," duk wanda ya san Malam ya san akwai amsa goma a bakinsa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ina jin ka, mutumina." Dogo ya kifa kai a sitiyari ya yi kukan da ya riƙe tun ranar. Malam ya ɗora masa hannu a kafaɗa, ya juya yana kallon taga kamar mai lissafin tayoyin mai faci.

Kai ne, Malam, ka gane cewa wanda maciji ya sara ba ya bukatar a tabbatar masa tsumma tsumma ne. Ya sani. Wanda zai tsaya kusa da shi har ya iya tsallakewa yake nema. Kai da ka ci abinci da tambaya shekara da shekaru, ka iya rufe baki ranar da amininka ya bukaci kunne. Zaki mai sanin ranar ɓoye farce!

Ranar da Dogo ya ce a ba shi makulli, Malam bai yi masa huɗuba ba. Ya ce, "Ƙafata na kan birki." Direban da ya shekara ashirin da wani abu a kan titi ba ya bukatar birkin malami, su duka sun sani, amma da wannan maganar motar ta motsa. Suka zagaya fili, suka hau titi da jan allo a gaba da baya. Direbobin tasha suka gan su, aka yi ta shewa.

"Dogo, an koma aji ɗaya?"

"Ku ma da za ku zo da an huta da ku!" in ji Dogo. Rabon da a ji ya mayar da baƙar magana tun kafin hatsarin.

A mararrabar asibiti motar ta mutu. Hannu ya ɗauki rawa, na baya suka cika titi da hon. Malam ya zuge gilashi, ya fitar da hannu yana ba su hanya ɗaya bayan ɗaya, yana murmushi kamar mai raba goron ɗaurin aure. Sai da Dogo ya gama numfashinsa, ya tayar da mota, ya duba dama da hagu, ya tsallake.

Kafin wata ya mutu ya je ya karɓi makullinsa. Fasinjan farko da ya shiga gaba Malam ne, kuma kwandasta ya ce duk tafiyar ƙafarsa na danna ƙasa inda babu komai.

"Lauya, ka bar ƙasan motar mutane kada ka huda ta!"

"Kai dai dubi gabanka, ɗalibi."

Rawar hannun ba ta tafi gaba ɗaya ba. Dogo ya ce takan leƙo wani lokaci, ya gaishe ta, ya ci gaba da tuƙi.

Mun gode, Malam. Allah ya huta da gwiwar nan, ya sa ka ci moriyar hutunka. Mu kuma da muka iya kawo hujja, masu ilimi da marasa shi, mu ji kunya mu gyara. A unguwarku akwai wanda ya daina fitowa, kun kuma san shi. An riga an gaya masa ba laifinsa ba ne, an gaya masa ya yi haƙuri, ya ji har ya gaji. Gobe da safe ka je ka buga masa ƙofa, ka ce ya fito ya raka ka. In ya tambaye ka ina, ka ce ba ka sani ba.