Fuskar Kakata a Hindawiyya

Talata

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar gida a Kano. Umma ta rako ni har zaure ta ce, "In ka gama Umra, ka nemi ƙanwata Safiya. An ce hoton uwarmu na hannunta." Umma tana shekara uku kakarmu ta tafi Makka a ƙafa, ba ta dawo ba. Ko kamanninta ba ta tunawa.

Mun sauka Jidda da la'asar. Daga nan mota ta kai mu Makka, tafiyar kamar kilomita tamanin, da tsayawa ɗaya a shingen duba takardu. Na yi Umra, na sauka a wani ɗan masauki a unguwar Ka'akiyya.

Alhamis

Ƙarfe tara na tari tasi zuwa unguwar Hindawiyya, inda Inna Safiya take. Direban jikan Sakkwatawa ne, Hausarsa rabi Larabci. "Wen za ka, ya ammi?" Na faɗa masa, ya ce, "Yalla, na san layin."

Inna Safiya ta rungume ni tana kuka. Sai da na sha shayi na ci masa sannan ta ciro hoton daga ƙasan akwati. Zanen hannu ne: mace doguwa, da tsage a kumatu, tana hararar mai zanen.

"Wa ya zana, Inna?"

"Wani Bajamushe, ya waladi, a Bur Sudan, suna jiran jirgin ruwa. Babarmu ta ce a ƙasarsu fuskokin attajirai yake zanawa, yaƙi ya ƙone shagonsa da aikinsa duka. Ya dawo bakin teku yana zana alhazai, ba wanda ya san shi. Sai da babanmu ya yarda sannan ta zauna masa, kwana uku. Ta ce kafin ya ɗauki alƙalami sai ya tambayi mutum wa ya baro a gida. Ta ce masa 'yarta. Da ya gama ya miƙa mata ya ce ta kai wa yarinyar. Ko sunansa ba mu riƙe ba."

Ta naɗe shi cikin mayafi. "Na riƙe wa yayata ya isa."

Litinin

Na iso Kano ƙarfe sha ɗaya na safe. Umma ta sa tabarau, ta daɗe tana kallo, tana shafa gefen takardar. Can ta ce, "Ashe ƙaramar yarinya ce. Ni da nake ta jin haushin wata babbar mace."

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, da Inna Safiya, da wancan baƙon da ba mu san kabarinsa ba.