Uwar da Aka Canja wa Fuska

Ni ban yi boko ba, jikata Hafsatu ke rubutawa ina faɗa. In kun ga magana ta yanke, kuka ne ya tare ni, don tun rasuwar maigidana Malam dogon zance ke ba ni wuya.

A Ƙofar Dumi na tashi, a hannun kakata Dada. In an sauke tuwo ba ta bari a kashe murhu. Mu kewaye shi, ita ta miƙe ƙafa ta rufe ido, ta daɗe tana motsa baki ba sauti. Na taɓa tambayarta ko addu'a take yi. Ta ce a'a, ƙarshen tatsuniyar take nema, sai ta riƙe shi za ta fara. Ko duk mun yi barci ba ta tsayawa, takan ƙarasa wa garwashi. A cewarta, abin da aka kira cikin labari, in ba a sallame shi ba, a gidan yake kwana.

Wadda ta fi tsorata ni ita ce ta wani mai haƙar rijiya. Masu wannan sana'a suna haƙa suna sara wurin taka ƙafa a jikin ramin, saboda fitowa. Shi bai yi ba. Yana da murya, yana haƙa yana waƙa, mutanen gari suna cika a bakin ramin, wasu riƙe da igiyarsa. Ya kai ga ruwa, amma ya ga in ya faɗa taron zai watse, sai ya kauce wa ruwan ya ci gaba da haƙa ta gefe. Da damina ta faɗi kowa ya tafi gona. Na ƙarshe ya ɗaura igiyar a jikin kara ya tafi.

A nan Dada ke rage murya. "Ƙawata, in kin ji waƙa daga ƙasa kada ki leƙa. Ba ceto yake nema ba. 'Yan kallo yake nema."

Na tsufa kafin na gane da su wa take.

Bayan Malam ya bar sayar da hatsi a kasuwar Muda Lawal, muka fara kallon wani shiri mai dogon zango a talabijin, labarin wata mata da ɗanta ya ɓace a tasha. Da farko yana yi mini tsiya, wai tsohuwa tana kuka saboda ƙarya. Ba a jima ba shi ke riga ni zama, har yakan ce in matsa na tare masa yaron. Duk sanda aka kusa haɗa uwa da ɗa, sai a ƙirƙiro wani sabon mugu. Shekaru suka wuce, yaron ya yi gemu, uwar tana nema.

Da ciwo ya kwantar da Malam, ya ce mini, "Uwar Sani, ki gane mini ko ta same shi." Na ce ya daina wannan magana, tare za mu gani. Bai kai sallar layya ba.

Shi ya sa nake zama gaban akwatin nan duk mako, ga yanar ido tana rufe mini gani, fuskoki sun fara zama inuwa. Hafsatu ta ce ta ji masu shirin ba su san ƙarshensa ba, muddin ana kallo za su ci gaba. Ranar ban iya cin abinci ba. Ashe wanda na ba amanar sauran ganina bai san inda zai kai ni ba. Wanda zai tara mutane ya sa su jira, ya tuna a cikinsu akwai masu ciwo, akwai tsofaffi.

Makon jiya aka nuna uwar, na ji murya ba tata ba. Hafsatu ta ce waccan ta bar shirin, an kawo wata a madadinta. Na ce ta kashe. Wannan ko an kawo mata yaron gobe, ba ita ta yi kukansa ba, kuma ba ita Malam ya bar mini ba.