Carbi Uku Kafin Ta Buɗe

Jiya kawuna ya cika shekara da rasuwa, iyalinsa suka aiko mini da kwamfutarsa daga Dangora. Irin mai kaurin nan ce mai mariƙi kamar akwati, wadda ya yi aikin malamin gona da ita. Har yanzu ƙanshin turarensa na jikin mariƙin.

In ya kunna ta, sai ya jawo carbi. Zagaye uku yake yi kafin ta buɗe masa hotunan jikokinsa.

Wata ranar kasuwa ya kawo ta shagona na gyara a Ƙafin Maiyaki, ya ce in ƙara mata ram, wato ƙwaƙwalwar da ke sa ta sauri. Ko buɗe ta ban yi ba. Na ce, "Kawu, kamfani ya rubuta gig takwas ne iyakarta, kuma su ke ciki."

Ya ce, "Ɗana, ba a yanke wa ƙasa hukunci sai an shuka."

Na yi dariya a gaban abokaina, na ce ai kwamfuta ba gona ba ce. Ya ɗauki abarsa ya tafi, bai sake tayar da maganar ba.

Jiyan na kwance murfinta na sa mata gig sha shida, na kunna ta. Kafin in gama bisimilla ta buɗe. Aikin minti biyar na hana shi.

Allah Ya sa tasbihin da ya yi yana jira ya haskaka kabarinsa. Ni da na sa shi jiran, Allah Ya yafe mini.