Tururuwar Gindin Gawo

Wata Asabar da bazara, ƙarfe goma na safe, a shekarun da kuɗin mai ya fara yawo a ƙasa, muna tsaye mu huɗu a gonarmu kusa da Mairuwa: ni, da Baba, da ƙanensa Baffa, da direban tarakta. Direban ya ce ba zai iya huɗa a miƙe ba sai an kawar da itatuwan gawon da suka cika gonar. Na goyi bayansa. Lokacin ina gabatar da shirin manoma a rediyo, kuma a ganina takin zamani ya isa komai. Baba ya yarda, aka sare.

Ban yi tunanin tururuwa ba. Shekara da shekaru, mutanen ƙauyenmu ba sa shuka sai Baba ya shuka. Shi kuwa ramukan tururuwar gindin gawo yake dubawa. In ya ga sun ɗaga bakin rami da sabuwar ƙasa suna kwasar ƙwai, sai ya ce a fito da iri.

Kafin damina ta biyu, babu ganyen da gawo ke zubarwa ya ruɓe, babu inuwar da shanu ke kwanciya da rani su bar taki. Tururuwa suka tashi. Ƙasar da ramukansu ke sassautawa ta ƙanƙame, ruwa ya riƙa bi ta kai yana wucewa. Ga jama'a kullum a ƙofar gida suna tambayar ranar shuka.

Na yi wa Baba tayin hasashen yanayin da muke karantawa a rediyo. Ya dube ni.

"Malam na rediyo, kai da ka ce a sare, kai za ka faɗa mini ranar ruwa?"

Daga nan kullum da hantsi sai ya ce zai je gaida Baffa, wanda ya ƙi taɓa nasa gawon. Rana ta huɗu Baffa ya iske shi tsugune a gindin gawonsa.

"Yaya, aron tururuwa aka zo?"

"Gaishe su na zo yi. A gonata iyayensu suka tashi."

Ranar da ya faɗa aka shuka, shuka kuma ta kama. Ba wanda ya san inda ya samo ranar sai mu uku.

A wannan daminar Baba ya kewaye duk ɗan gawon da ya tsiro daga kashin awaki da ƙaya. Tarakta ta riƙa kauce musu, kunyoyin gonarmu suka koma a karkace.