Littafin da Kwamiti Ya Karanta Ta Baya

Wanda bai taɓa zama a kwamitin ladabtarwa na sakandare ba, bai san nauyin da ƙasar nan ta ɗora wa 'ya'yanta ba. Shekara goma sha ɗaya ina sakataren namu a wata makaranta da ke Abakpa, amma Larabar da muka zauna kan Rifkatu har yau tana raina.

Rifkatu tana aji shida, saura mako uku ta fara jarrabawar fita. An kama ta da littafin zane na Japan, fassarar Turanci, irin mai mutane masu manyan idanu da gashi kamar ƙaya. Ƙa'idarmu ita ce kwamiti ya duba abin da aka kama, ni in rubuta, shugaba ya sa hannu. In abin mai ɓata tarbiyya ne, dakatarwa ce ta wata guda. Jarrabawa ta wuce ta ke nan.

Mataimakin shugaba, Mista Bulus, ya buɗe littafin yadda ake buɗe kowane littafin boko, muka leƙa ta kafaɗarsa. Shafin farko an rubuta da manyan baƙaƙe cewa a tsaya, nan ne ƙarshe. Ya ce, "Kun ga rashin kunyar tun daga bango. Littafi yana ba ni umarni."

Muka ci gaba. Yaro ya durƙusa gaban malaminsa. Can tsakiya ya soma zumɓura baki. Daga ƙarshe ya ɗaga kujera zai maka wa malamin. Maganganun ba su haɗu ba, amma muka yarda haka yaran zamani suke magana.

Rifkatu ta ce, "Yallaɓai, ai ta baya..."

Mista Bulus ya katse ta, "Ke, wa ya tambaye ki?"

Na rubuta rabin hukuncin sai ga Malam Hudu, malamin Larabci, ya dawo daga sallar Azahar. Ya ja littafin ya buɗe ta dama, ya yi ta juya shafi yana gyaɗa kai.

"Masha Allah. Ɗan banzan yaro, ya fara da kujera, ya ƙare da tuba. Mista Bulus, wannan ai a sa shi a laburare."

Na soke layi huɗu, na rubuta cewa kwamiti ya yi nazari ta fuskoki biyu. Rifkatu ta zana jarrabawarta.

Da na tambayi Malam Hudu inda ya san al'adar Japan ta fara karanta littafi daga dama, ya ce, "Wace Japan? Ni ko rajistar aji ta dama nake buɗewa."

Ku matasan malamai, abin da na koya shi ne kada a yanke hukunci sai an juya takarda, kuma a bar mai laifi ya ƙarasa jimlarsa. Shekara biyu ina faɗin haka a kowane taro, littafin kuma yana laburarenmu da hatimin makaranta.

Bara Rifkatu ta zo karɓar takardar shaidarta. Ta ce wancan littafi na ɗaya ne. A na biyu, yaron ya jefa malamin ta taga.